Cokalin Baba da Aka Sauke a Unguwar Gai

Kafin ku fara zagin Mukhtar a ƙasan rubutun nan, ku tsaya ku ji: ni na ba shi shawarar. Duk maganar da ake yaɗawa a Rano, wai kafinta ya ci amanar surukinsa, daga wayata ta samo asali, kuma da babban yatsana na rubuta ta. Ba tausayi nake nema ba. In kun gama karantawa kowa ya yanke hukuncin da ya ga dama.

Sunana Barira. Babana Malam Gwadabe magini ne, shekara talatin da ɗoriya yana ɗora bulo a kan bulo tsakanin Rano da Kibiya. In ka hau bayan babur ɗinsa kuka bi ta Lausu ko Zinyau, kunnenka ba zai huta ba. "Wancan ni na yi. Masallacin can ni na zuba masa linta. Wancan kuwa ba hannuna ba ne, dubi yadda ya tsaya kamar mai ciwon baya." Mutum ne mai sanyi a komai, ban da maganar gini.

Ga yadda aikinsu yake, don ku gane abin da ya biyo baya. Mai gida yakan damƙa wa magini ginin gaba ɗaya, shi kuma magini ya kawo kafintan da zai yi rufi, da mai walda, da mai jan wuta. Wanda magini ya kawo ba ya magana da mai gida kai tsaye. Baba yakan ce, "Wanda ya kawo ka shi ne ƙofarka, ba ka haura katanga." Sannan in aiki ya tsaya ana jiran kaya, Baba da abokan sana'arsa sukan kafa tsohon cokalin gini a saman sahun bulo na ƙarshe. Duk maginin da ya zo ya hango cokali ya san aikin nan da mai shi. Ba mai sauke shi sai wanda ya kafa shi. In wani ya sauke, to ya ce da mai shi ya tashi ya ba shi wuri ke nan.

Mukhtar kafinta ne. Shekara uku Baba yana ba shi rufi, don ya ce ƙusarsa ba ta yoyo. Aron tsani ya fara kawo shi gidanmu, tsanin da har yau ban tabbata yana bukatarsa ba. Dogo ne, baƙi, ko zance ya zo cikin shaddarsa ruwan toka sai ka ga fensir a bayan kunnensa. A wayata Mai Guduma na sa masa. Manyansa sun kawo gaisuwa, an karɓa, an tsayar cewa Asabar ta sama za su dawo a sa rana. Umma har ta fara jera kuloli da farantai a ƙarƙashin gadonta, ta rufe su da tsohon zani don kada maƙwabta su ƙirga mata.

Ina son sa. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne.

Abin ɓoyewar daban yake. Tun bara idon Baba ya fara yi masa hazo. Da farko cewa ya yi, "Barira, karanta min saƙon nan, masu wayar nan sun ƙanƙanta rubutu." Daga nan sai takardar awo. Daga nan sai lambobin jikin tef ɗin awo, in karanta masa ya haddace kafin ya fita. Kullum bayan sallar asuba nakan zauna gefen tabarmarsa da wayarsa a hannuna, yana shan koko ina karantawa. Ni ya zaɓa, ba ƙanwata Rahma ba, don ya ce bakin Rahma ba shi da ƙyaure. Ranar da na ce mu je asibiti, ya ce bari a gama aikin da ke hannu tukuna, sannan ya ƙara da cewa, "Magini ido ne. Ranar da aka ji nawa ya yi rauni, ko kejin kaji ba mai ba ni. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kin ji ko?"

Na ce na ji.

Aikin da ke hannun kuwa gidan wani Alhaji Ishiyaku ne a Unguwar Gai, ɗan kasuwa da ke zaune a Kano, yana son ya gina wa mahaifiyarsa ɗaki huɗu da falo kafin ruwa ya sauka. Baba ya kai bango har inda rufi zai zauna, ya kafa cokalinsa, ya dawo gida yana jiran katako da kwano su iso. Shafe da katangar gida duk suna nan suna jiransa.

Ranar Laraba da hantsi ina tsakar gida ina gurza kuɓewa, wayata ta yi ƙara. Hoto ne daga Mai Guduma: igiya an ɗaura mata dutse, an sako ta daga saman bango, ga rata a fili tsakaninta da bangon.

"Na zo awon rufi," ya rubuta. "Bangon gabas da na arewa sun kwanta daga sama. Sahu uku na ƙarshe. Yatsu huɗu."

"Yatsu huɗu wani abu ne?"

"In na ɗora katako a haka, iskar farkon damina ce za ta ba mu amsa. Kuma tsohuwa za a sa a ciki."

Na ajiye magurji. Ya sake rubutowa: "Abin ya ɗaure min kai. Baba bai taɓa yin haka ba."

Nan ne na yi kuskure na farko. Na rubuta masa, "Idonsa ne. Tun bara. Don Allah kada kowa ya ji."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Daga ƙarshe ya ce, "Ƙa'ida ita ce in same shi in faɗa masa. Amma Barira, da wane baki? Mutumin da ko ido ba na iya haɗawa da shi tun da aka kai gaisuwa, in tsaya gabansa in ce Baba bangonka ya karkace?"

Ku da kuka san kunyar suruki kun san ba ƙarya ya yi ba. Mukhtar in ya hango Baba a hanya sauka yake daga babur, ya cire takalmi, ya durƙusa. Maganar aiki ma ta koma ta saƙo, ni nake karantawa ni nake amsawa.

Sai kuskure na biyu, wanda ya fi na farko. Na ce, "To kada ka faɗa masa. Ba kana da aboki magini ba? Ku gyara a ɓoye ranar Juma'a da ba kowa."

"Uzairu? Zai iya. Amma cokalin Baba yana kan bangon gabas."

"Ku sauke, in kun gama ku mayar. Wa zai sani?"

Na tura, na ɗauki magurjina na ci gaba da gurza kuɓewa. Har daɗi na ji a raina, wai ni mai dabara.

Ranar Juma'a Mukhtar ya sayi siminti da kansa, ya ɗauki Uzairu suka tafi tun da sassafe. Suka sauke sahu uku na bangon gabas suka sake jera su. Suna shirin komawa na arewa, sai ga motar Alhaji Ishiyaku. Mutumin da sai ya yi wata biyu bai leƙo ba, ranar ya ga damar ɗebo 'yan'uwansa ya nuna musu gida bayan an sauko daga masallaci. Ya tarar da baƙon magini a kan bango, cokalin Baba kuwa yana ƙasa a kan buhun siminti.

Mukhtar ya ce in-ina ta kama shi. Uzairu kuwa, da Alhaji ya matsa masa, sai ya saki igiya a bangon arewa ya nuna masa. Alhaji ya duba, ya duba, ya ce, "To kai da ka iya, ka ƙarasa min. Shafe da katanga duk naka ne." Uzairu bai ce e ba, amma bai ce a'a ba. Mai iyali ne, kuma rabonsa da babban aiki tun kaka.

Bayan la'asar direban Alhaji ya yi sallama a ƙofar gidanmu ya miƙo baƙar leda. Ni na karɓa na kai wa Baba. Yana zaune a gindin darbejiya da carbinsa. Ya zura hannu, ya shafa, bai ma fito da shi ba ya gane. Cokalin nan ya girme ni, bakinsa ya cinye ta gefe ɗaya saboda yadda Baba yake riƙe shi.

"Wa ya sauke?" ya tambayi direban daga ciki.

"Wallahi Baba ni dai aiko ni aka yi. Na dai ga kafintanka da wani Uzairu a wurin."

Baba bai ɗaga murya ba. Ya naɗe ledar, ya tura ƙarƙashin tabarma, ya ce wa Umma, "Kayan gaisuwar yaron nan, ki tattara su wuri ɗaya."

Kafin magariba labari ya zaga gari. A bakin magina, Mukhtar ya daɗe yana haƙon aikin, ya shiga gidanmu da sunan neman aure don ya san sirrin Baba, ya haɗa baki da abokinsa su raba. Magina biyu da suka yi masa alkawarin rufi suka janye a ranar. Kafintoci kuma suka ce ai gara haka, magina sun daɗe suna tsaya musu a ƙofa kamar su suka haife su, mutum ba shi da ikon gaisawa da mai gida sai da izini. A wurin mai shayi har an kusa ba hammata iska. Ba wanda ya ambaci bango, don ba wanda ya sani. Alhaji ya koma Kano, Uzairu kuma Mukhtar ya haɗa shi da Allah kada ya buɗe baki.

A gida Umma ta sa ni gaba. Tana ninke atamfofin da ta saya min, ɗaya bayan ɗaya tana mayarwa akwati, tana magana ba tare da ta dube ni ba. "Allah ya rufa miki asiri da ya nuna halinsa tun yanzu. Wanda ya cire wa ubanki abinci a baki, ke me zai bar miki? Ki goge lambarsa." Rahma tana gefe tana danna waya tana ba mu rahoton abin da ake cewa a unguwa, wanda ba wanda ya tambaye ta.

Na shiga ɗaki na rubuta masa, "Ka faɗa musu gaskiya."

"In na faɗa, Baba ya gama gini a ƙasar nan."

"In ba ka faɗa ba fa?"

"Sai in rasa ki. Na sani."

Na zauna ina kallon rubutun. Abin da ya kamata in ce a bayyane yake: bari ni in faɗa, tunda ni na haɗa. Ban ce ba. Tsoro nake ji. Ba tsoron duka ba, Baba bai taɓa ɗaga min hannu ba. Tsoron ya san cewa abin da ya ba ni ajiya na kwance shi a waya ina gurza kuɓewa. Na kife wayar, na fita na ɗora sanwa.

Ranar Litinin Malam Shitu, shugaban maginan yankinmu, ya tara su a soron gidanmu, bayan ya aika an dakatar da aikin Unguwar Gai sai an sasanta. Ni aka sa kai ruwa. Na zura dogon hijabina ruwan ƙasa na kai, na dawo na laɓe a bayan ƙyaure. Ta tsaga ina hango Mukhtar a durƙushe kusa da takalma, ba fensir a kunnensa.

Malam Shitu ya ce, "Mukhtar, kai ka kai Uzairu?"

"Ni ne."

"Ka ga cokalin Malam Gwadabe?"

"Na gani."

"Wa ya sauke?"

"Ni na sauke da hannuna."

"Me ya kai ka?"

Uzairu ya gyara zama zai yi magana, Mukhtar ya riga shi. "Kwaɗayi ne, Malam. Ba laifin Uzairu. Duk hukuncin da aka yanke na ɗauka."

Soron ya kaure da salati. Malam Shitu ya yanke cewa ba maginin da zai ƙara ba Mukhtar rufi sai Malam Gwadabe ya ce ya yafe. Aka juya ga Baba. Shi kuwa tambaya ɗaya ya yi, kuma Uzairu ya yi wa.

"Sahu nawa ka ɗora?"

"Uku, Baba."

"A kan waɗanda na jera?"

Uzairu ya sunkuyar da kai. "Sauke uku na yi, na mayar da uku."

Baba ya ce, "To." Daga nan aka watse.

Washegari bayan asuba na zo da wayarsa zan karanta masa saƙonni kamar kullum, ya ce in ajiye in sako hijabi. Muka shiga motar Kibiya, daga can muka hau babura zuwa Unguwar Gai. Duk hanya ana ta sharar gona, hadari ya ɗan taso ta gabas ya watse.

Ginin yana tsaye ba kowa, sai awaki a falo. Baba ya zaga bangon gabas yana shafa shi da tafin hannu, ya tsaya inda sabon siminti ya fara.

"Na kwana ina juya maganar nan," ya ce. "Mai ƙwacen aiki ɗorawa yake yi, don mai gida ya ga ya yi sauri. Ban taɓa ganin ɓarawon da ya rushe sahu uku ya mayar da sahu uku da simintinsa ba. Ruwa ba ya tsami banza."

Ya wuce bangon arewa, wanda ba a taɓa ba. Ya jingina tsanin da suka bari, ya hau a hankali, ni kuma na riƙe masa ƙafar tsanin. Ya ciro igiyarsa mai dalma daga aljihu ya sako ta. Dalmar ta yi lilo ta tsaya. Ya ƙura mata ido, ya matso da fuskarsa, ya ja da baya. Na san ba abin da yake gani sai hazo.

"Barira. Igiyar nan ta bi bango, ko ta rabu da shi?"

Da na ce ta bi, da ya yarda. Shekara guda duk abin da na karanta masa bai taɓa sa wani ya sake dubawa ba. Da mun koma gida, shi da sunansa, ni da akwatin atamfofi.

"Ta rabu, Baba."

"Nawa?"

Na sa hannuna a ratar. "Yatsu huɗu."

Sannan ya naɗe igiyar a hannu, sannu a hankali yadda ya saba, ya sauko. Ya zauna a kan bulo ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa ganin kan Baba ba hula a waje ba, furfurar ta fi yadda nake zato.

"Tsohuwa za a sa a ɗakin nan," ya ce, kamar da kansa yake. Can ya ɗago. "Saura tambaya ɗaya. Yaron nan kafinta ne, ya ga bango, wannan na gane. Ƙa'ida ya zo ya same ni, ko ya turo babba ya faɗa min. Kunya za ta hana shi zuwa, amma ba za ta kai shi ga sauke cokalina ba, sai in ya tabbata ko an nuna min ba zan gani ba. Wa ya tabbatar masa?"

Wayata tana cikin jaka, da duk abin da na rubuta ranar Laraba. Ban ciro ta ba, ba bukata.

"Ni ce. Ni kuma na ce su gyara a ɓoye. Ya ce min cokalinka yana kai, na ce su sauke."

Bai yi salati ba, bai yi faɗa ba. Ya mayar da hularsa, ya kaɗe rigarsa, ya zura hannu a aljihun gaba ya ciro baƙar ledar nan ya miƙo min.

"Ki aika wa Uzairu. Ki ce ni na ba shi da hannuna, ya sauke na arewa ya ƙarasa wa mutane gidansu kafin ruwa. Malam Shitu ni zan same shi. Shi kuma yaron, manyansa su zo ranar Asabar kamar yadda aka yi. Wanda ya zaɓi a kira shi maci amana a gaban mutane don kada a kira ni makaho, ba ni da abin da zan hana shi."

Na durƙusa a cikin yashi ina godiya, hawaye yana zuba. Na zaci an gama. Muka kama hanyar bakin titi, yana gaba ina biye, ledar a hannuna. Sai da muka kusa inda masu babura suke tsayawa ya yi magana, bai ko waiwayo ba.

"In mun koma, ki ba Rahma wayata. Daga gobe ita za ta riƙa karanta min."

"Baba, ai ka ce bakin Rahma..."

"Na ce. Ita na san abin da zan ɓoye mata."

Yau Alhamis. Saƙon Mai Guduma goma sha ɗaya ne a wayata, duk na murna, yana tambayar kalar shaddar da zai ɗinka. Umma ta sake fito da atamfofin. Ɗazu bayan asuba na fito da kofin koko, na tarar da Rahma a gefen tabarmar Baba tana karanta masa saƙo, tana tuntuɓe a kan lambobi, shi kuma yana cewa ta sake a hankali. Na ajiye masa kokon. Ya ce, "Allah ya yi albarka," irin yadda yake ce wa duk wanda ya miƙo masa abu.